Rufin kwano a wurin da dusar ƙanƙara ke zuba sosai, dan Allah wanne zan zaɓa?

Baban Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema daga waɗanda suka san harkar rufi, musamman wanda ya taɓa zama ko ya yi aiki a wurin sanyi. Inda nake zaune dusar ƙanƙara in ta fara sauka sai ta yi wata huɗu wani lokacin har biyar bata bar kan rufi ba. Gidan da muke ciki tsoho ne, rufinshi irin na kwalta ɗin nan ne mai falle-falle da ake jerawa kamar ɓawon kifi, ya haura shekara 20 kuma gaskiya ya gaji, in ka leƙa cikin indararo zaka ga tsakuwar jikinshi ta zube ta taru kamar yashi.

Abinda ya tayar min da hankali shine sanyin da ya wuce. Ƙanƙara ta daskare a bakin rufin ta yi tudu kamar dakali, ga wasu tsinaye suna reto ƙasa wasu sun kai tsawon hannuna, ni ban ɗauki abin da zafi ba don duk layin namu haka nake gani. Sai wata rana da asuba maman yara ta tashe ni wai ruwa na ɗiga a ɗakin yara, na je na tarar silin ya yi naso, fentin bango ya kumbura ya yi bororo, na sa yatsa na taɓa sai ruwa ya fashe ya gangaro. Kuma fa ba ruwan sama ake ba, a waje komai a daskare yake. Tun ranar hankalina bai kwanta ba wlh, don katifar ƙaramin a daidai wurin take.

To yanzu na yanke shawarar sa kwano. Na kira 'yan kwangila biyu. Na farko yace na sa mai sukuru a waje, geji 29 (lambar kaurin kwano kenan), kuma ba sai an ɓare tsohon rufin ba a kai za a ɗora, kwana biyu an gama. Na biyu yace a'a, mai ɓoyayyen sukuru ɗin nan da ake kalmashe bakinshi, geji 24, kuma dole a ɓare tsohon. Na biyun yafi tsada nesa ba kusa ba. Duk su biyun sun ce min in na sa kwano dusar zata riƙa zamewa da kanta, na huta da maganar ƙanƙara. Tambayata, da gaske kwano zai kashe wannan yoyon? Wanne ya dace? Sannan maman yara na tsoron ƙara in ana ruwa da kuma maganar tsawa, ni kuma ina tunanin ko in sa baƙi don ya riƙa jan rana yana narkar da dusar. Gangarar rufin 6 cikin 12 ce inji wanda ya auna, wato duk taku 12 a kwance rufin na hawa taku 6. Nagode.

Tsohon Kafinta:

Wa alaikumus salam Baban Biyu. Allah ya tsare gaba, ya raya yara. Na daɗe ina hawa rufi a wurin sanyi har gwiwa ta fara ƙi, don haka bari na faɗa maka abinda idona ya gani.

Kafin maganar wane kwano, ka fara sanin me ya kawo ruwan nan ɗakin yaranka, don ba tsufan rufin kaɗai bane. Zafin cikin gida ne ke sulalewa ta silin ya hau saman silin, ya ɗumama ƙasan rufin, dusar da ke kwance a kai sai ta fara narkewa daga ƙasa alhali samanta a daskare, ruwan ya gangaro a hankali har ya iso bakin rufi, wato wurin da ya zarce bango ya fita waje. Shi wannan wurin ba ɗumi a ƙarƙashinshi, to nan take ruwan ya sake daskarewa. Yau kaɗan gobe kaɗan har ya zama dakalin nan da ka gani, ruwan da ke biyo baya ya rasa hanya ya taru a bayanshi kamar madatsa, ya koma baya ya shiga ƙarƙashin fallayen ya sauka ta bango. Tsinayen nan masu reto shaida ce cewa kuɗin hitarka na fita ta sama. Kwano yana rage abin, gaskiya ne, don yana da santsi kuma ba shi da gaɓoɓi dayawa da ruwa zai bi, amma duk wanda yace maka kwano kaɗai zai kashe shi to kasuwarshi yake ci. Na sha ganin sabon kwano fil da dakalin ƙanƙara a bakinshi.

Yanzu ga maganar kwanon. Ni a kan gidan da mutum ke kwana da iyalinshi a wurin dusa, mai kalmasa nake zaɓa, dalili kuwa shine ƙarfe yana numfashi. Fallen ƙarfe mai tsawon mita 10, in zafin jikinshi ya canza da digiri 50 to tsawonshi na canzawa da wajen milimita 6, alminiyam kuma kusan ninki biyun haka, kuma tsakanin daren tsakiyar sanyi da ranar tsakiyar zafi bambancin da jikin kwano ke gani ya wuce digiri 50 sosai. Shi mai kalmasa da 'yan maƙalai ake riƙe shi ta ƙasa, sukurun na ɓoye cikin kalmasar ruwa baya ganinshi, kuma fallen na da damar miƙewa ya dawo abinshi. Shi kuwa mai sukuru a waje an huda shi an ɗaure shi tam, rufin gida matsakaici sukurunshi ya haura dubu, wato huda sama da dubu, kowacce abinda ke tsakaninta da ruwa 'yar washar roba ce kamar maɓallin riga. Shekara na tafiya kwano na ja yana saki, ramin na faɗaɗa, robar na bushewa tana tsagewa, ga dusa in ta zo zamewa tana goge kan sukurun. Na sha kama kan sukuru da yatsu biyu na juya shi ba makulli. Ba wai baya aiki bane, yana yi, amma sai ka yarda zaka riƙa sa a hau a duba, wata rana kuma a canza sukurun gaba ɗaya da masu ɗan kauri.

Geji kuma a juye lissafinshi yake, ƙaramar lamba tafi kauri. Geji 29 wajen milimita 0.36 ne, 26 bai cika rabin milimita ba, 24 wajen 0.6. Kar ka tsaya a lambar geji kawai, kace a rubuta maka kaurin da milimita a takardar yarjejeniya. 29 in ka taka shi ba daidai ba sai ya lotsa, ƙanƙarar ruwan sama ma tana barin tabo a jikinshi.

Sai abinda aka shafe ƙarfen da shi don tsatsa. Akwai mai tutiya zalla, in shi ne ka nemi G90 wanda wasu ƙasashen ke rubutawa Z275, wato giram 275 na tutiya a kowace murabba'in mita in an haɗa ciki da baya. Akwai kuma Galvalume, kamfanin Bethlehem Steel na Amurka ne ya fito da shi kasuwa a 1972, kashi 55 alminiyam, wajen kashi 43 tutiya, ɗan ragowar silikon. Shi yafi daɗewa a kan rufi amma baya shiri da jan ƙarfe, baya shiri da ɗanyen siminti, haka ma katakon da aka jiƙa da maganin ruɓewa, in suka haɗu da danshi sai su cinye shi. In kusa da teku kake inda iska ke ɗauke da gishiri to ka bar ƙarfe ka koma alminiyam. Fenti kuma ka tambaya ko PVDF ne, wanda aka fi sani da Kynar 500, shine baya saurin koɗewa.

Maganar ɗorawa a kan tsohon rufi, wurare dayawa doka ta yarda in shimfiɗa ɗaya ce a ƙasa, amma kai gidanka ya riga ya yi yoyo. Waye ya san halin da katakon ƙasan yake ciki? A ɓare a gani. Duk wanda ya ruɓe a canza, sannan a manna ledar nan mai gam a jikinta tun daga bakin rufi har ta wuce layin bango ta ciki da aƙalla santimita 60, a sa ta a duk kwarin da rufi biyu suka haɗu da gewayen bututun hayaƙi, kuma ka tabbatar mai jure zafi ce da aka yi don ƙarƙashin kwano, don ta gama-gari narkewa take in kwano ya ɗau rana.

Abu ɗaya kuma, ranar aiki ka tsaya a wurin. In ka ga sun ɗauko giranda zasu yanka kwano ka hana su. Tana ƙona shafin bakin yankan, kuma tartsatsin nan garin ƙarfe ne mai zafi, yana mannewa a fenti, ruwan farko zaka ga ɗigo-ɗigon tsatsa ko'ina kamar an yayyafa. Almakashin kwano ko injin da ke gutsurarshi ake amfani da shi, kuma kullum in an tashi aiki a share rufin.

Maman Auta:

Ɗan uwa dan Allah ka saurare ni a kan maganar nan da suka ce maka wai dusa zata zame da kanta ka huta. Eh zata zame, amma ka tambaye su ina zata sauka? Mu shekara uku kenan da sa kwano, mai kalmasar ne ma, kuma bamu da ƙorafi a kan yoyo alhamdulillah, amma sanyin farko Allah ne kawai ya kiyaye. An kwana biyu ana zuba sai rana ta fito garau, wajen azahar autana ya dawo daga makaranta na buɗe mishi ƙofa ya shigo, ko jakarshi bai sauke ba muka ji wata ƙara kamar an juye tifar yashi, gidan har sai da ya girgiza. Na buɗe ƙofa na ga duk dusar gefen gaba ce ta sauko lokaci ɗaya a daidai matakalar da yaron ya tako yanzun nan, ta kai min ƙugu, kuma ba laushi gareta ba, ƙasanta faifan ƙanƙara ne mai kauri kamar bulo. Ta ɓalle indararo ta lanƙwasa ƙarfen dafawa na matakala. Na zauna a ƙasa na rungume yaron jikina na rawa, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Ba ta ba da sanarwa fa, ba wani motsi da zaka gani kafin nan. Ranar da rana ta fito bayan zuba ita ce ranar hatsari, ƙasan ya ɗan narke ya zama ruwa tsakaninta da kwano shikenan sai ta taho gaba ɗaya.

Bayan nan muka sa aka ɗaura ƙarfen tare dusa, doguwar sanda ce a kwance daga wannan gefe zuwa wancan, da maƙalai aka damƙe ta a jikin kalmasar ba a huda kwanon ba, yanzu dusar na zama a sama tana narkewa a hankali. Ka zagaya gidanka tun yanzu ka duba ƙofar shiga, inda kake aje mota, mitar gas, injin sanyaya ɗaki na waje, inda yara ke wasa, da hanyar maƙwabta in kuna kusa. Kuma a sa shi tare da rufin kar kace sai daga baya, mu daga bayan ne ya kusa zame mana nadama.

Ka faɗa wa maman yara ta kwantar da hankalinta a kan ƙara. Nima tsoron da na ji kenan, amma tunda akwai katako a shimfiɗe a ƙasan kwanon ga leda ga abin tare zafi a saman silin, ruwan sama sai dai ka ji shi can sama-sama, barci muke lafiya lau. Wanda ke ƙara shine kwanon da aka ɗora a kan sanduna kawai ba komai a ƙasanshi.

Injiniya Ƙarami:

Allah ya ƙara tsarewa Hajiya, wannan labari ya taɓa ni. Baba Kafinta ya gama magana a kan kwano, ni zan ƙara a kan nauyi ne don nan mutane ke raina abin.

Dusa sabuwar sauka bata da nauyi, wajen kilo 50 zuwa 100 a kowane ma'auni mai tsawo mita faɗi mita zurfi mita, amma in ta kwana biyu ta zauna tana kai 200 zuwa 300, in ta jiƙe ta haura haka, ƙanƙara zalla kuwa kilo 917 ce. To ɗauki gefe ɗaya na rufi mai murabba'in mita 100, dusa zaunanniya mai kaurin santimita 30 kacal a kai, in ka buga da 300 tan 9 kenan. Abinda ya sauka a ƙofar Hajiya irin wannan ne.

Amma ga inda zan ɗan ja hankali a kan shawararta. In ka tare dusa a sama to ka yanke hukuncin cewa gidanka zai ɗauki tan ɗin nan har ta narke. A ƙa'idar lissafin nauyi ta Amurka ASCE 7, ana rage nauyin dusar da ake lissafa wa rufi mai santsi da gangara, amma da sharaɗin ba abinda ya tare ta, ita ma ta Turai EN 1991-1-3 tana da irin wannan sharaɗi a kan rufin da aka sa wa abin tarewa. Kai Baban Biyu abin ya zo maka da ɗan sauƙi don tsohon rufinka mai kaushi ne dama riƙe dusa yake, kuma kwano yafi shi rashin nauyi, wajen kilo 5 zuwa 7 a murabba'in mita, shi na kwalta ya kai 10 ko fiye. Duk da haka tunda ruwa ya shiga, a sa wanda ya sani ya duba raftocin ko akwai wanda ya ruɓe ko ya tsage. Sannan kar a ce za a sa guntun abin tarewa a saman ƙofa kawai, don dusar da ke samanshi ba a miƙe take danno shi ba, tana haɗowa da ta gefe da gefe, nauyin yafi ƙarfin guntun sai ya ɓalle ya sauko tare da ita, an gudu ba a tsira ba. Kamfanin da ya yi abin shi zai lissafa maka layi nawa ake buƙata daga gangara da tsawon falle da nauyin dusar yankinku, kuma wannan adadin ofishin ba da izinin gini na wurinku suna da shi.

In akwai ƙaramin rufi a ƙasan babba kamar na baranda ko gareji a duba shi sosai, don abinda ya zamo daga sama a kanshi zai dira. Bututan iska na banɗaki a fito da su kusa da tozon rufi, in suna ƙasa dusa na karya su kamar kara. Indararo kuma a saukar da shi ƙasa kaɗan yadda in ka ɗora sanda a kan gangarar rufin bata taɓa bakinshi na waje ba.

Baƙin fenti kuma, in dusa ta rufe shi rana fari take gani ba baƙi ba, sai wani wuri ya buɗe tukunna yake ɗan taimakawa. Ka zaɓi kalar da ranku ke so kawai. Tsawa kuma kwano baya janta, tsayi da wurin da gini yake ne ke sa ta sauka, in ma ta sauka ƙarfe baya kama wuta.

Mai Gareji:

Ni dai gaskiya a yi wa mai sukuru adalci. Shi ke kan garejina da ɗakin ajiya shekara 14 kenan, geji 26, sau ɗaya na canza sukuru kuma ko ɗigo babu. Ba kowa ke da ƙarfin mai kalmasa ba, in aljihu bai kai ba kar mutum ya ci bashin da zai hana shi barci. Sirrin kawai a ɗaure sukurun daidai, ya shiga a miƙe, robar ta ɗan baje kaɗan, ba a matse ta har ta fito gefe ta tsage ba. Abinda ya dame ni ni gumi ne, shekarar farko da safe sai ruwa ya riƙa ɗigowa daga cikin kwanon a kan mota kamar ana yayyafi, ashe raɓa ce ke taruwa a ƙasanshi don a kan sanduna kawai na ɗora.

Tsohon Kafinta:

Mai Gareji maganarka gaskiya ce, kuma a kan gareji nima shi zan sa. Bambancin shine kai in ya fara yoyo zaka ɗaga kai ka gani ranar, shi kuwa Baban Biyu akwai silin da abin tare zafi a tsakani, ruwa zai shekara yana jiƙa katako kafin naso ya fito. In dole sai mai sukurun to kar ya sauka ƙasa da geji 26, kuma duk sauran aikin ƙasan a yi shi yadda na faɗa.

Baban Biyu:

Kai jama'a nagode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya wlh labarinki ya sa na fita na tsaya a ƙofar gidanmu na ɗaga kai, gangarar gaba a kan matakalar take kai tsaye, nan 'yan biyun ke zama suna sa takalmi. Ko ɗaya cikin 'yan kwangilar bai ambaci abin tarewa ba.

Baba, jiya da sassafe na ɗau tocila na hau saman silin, tunda muka shigo gidan ban taɓa hawa ba. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo, to sai jiya na san nawa. Duk tsinin kusoshin da suka ɓullo ta ƙasan katako sun yi tsatsa, katakon wajen ɗakin yara ya yi baƙi na danna da sukundireba ya shige. Bututun fankar banɗaki ashe ba a fitar da shi waje ba, a nan saman silin aka yar da shi, duk tururin wankanmu nan yake zuwa. Audugar tare zafin a wasu wuraren ko tafin hannu bata kai ba, ta yi baƙi a gewayen ramukan fitilu, kuma an tura ta har bakin rufi ta toshe ramukan shan iska gaba ɗaya. Murfin da na bi na hau ma falanki ne kawai ba komai a bayanshi.

Yanzu abinda ya rage, kuɗin da na tanada ba zai ɗauki mai kalmasa geji 24 da gyaran saman silin da abin tare dusa duka lokaci ɗaya ba. Wanne zan fara Baba?

Tsohon Kafinta:

Madalla ɗana, gani ya kori ji. Baƙin nan da ka gani a jikin audugar ƙura ce, iskar gidan ce ke bi ta wurin tana tacewa, duk inda ka ga baƙi to akwai kafa a ƙarƙashi.

Ka fara da saman silin, shine mafi araha a cikin ukun kuma shine tushen ciwon. Bututun banɗakin nan a fitar da shi waje a satin nan, a naɗe shi da abin tare zafi, kuma kar a fitar da shi ta ƙarƙashin bakin rufi inda tururin zai sake komawa ciki. Sannan a ɗaga audugar a toshe duk wata kafa, gewayen wayoyi da bututai da saman bangaye, fitilun a duba ko irin waɗanda aka yarda a rufe su ne don wasu in an lulluɓe su suna iya ta da gobara, gewayen bututun hayaƙi kuma da falle na ƙarfe da abin liƙi mai jure wuta ake toshewa ba kumfar toshe kafa da ake fesawa ba. Sai an gama toshewa sannan a ƙara audugar, in ka ƙara ba ka toshe ba iska bi ta ciki take abinta. Murfin ma a manna mishi abin tare zafi a sa roba a bakinshi. A buɗe ramukan bakin rufi a sa musu 'yan magudanan iska don audugar kar ta sake toshe su, iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta tozo. Ƙa'idar da aka saba ita ce murabba'in mita 1 na kafar iska ga kowane 150 na faɗin silin, a wasu sharuɗɗan ana yarda da 1 ga 300, wajen rabi a ƙasa rabi a sama. Abinda ake nema shine saman silin ya zama sanyinshi kusan ɗaya da na waje.

Rufin kuma tunda katako ya ruɓe ba zai jira shekaru ba, amma in wani ya hau ya canza ruɓaɓɓen ya yi faci da ledar mai gam a wannan gefen, zai iya kai ka ƙarshen sanyi ɗaya, kana jan dusar bakin rufi daga ƙasa da dogon majanyi, kar ka hau kuma kar ka sari ƙanƙarar da gatari. In ka ga ba zaka jira ba to ka tambayi mai kalmasa geji 26, gangararka 6 cikin 12 ta wadatar har da irin wanda ake dannawa ya kama da kanshi, shi daga 3 cikin 12 zuwa sama yake buƙata kuma aikinshi yafi sauƙi. Sai dai ka tabbatar maƙalan abin tare dusar an gwada su da irin wannan fallen da wannan kaurin. Abin tarewar ne kawai ban yarda ka cire daga lissafi ba, gefen matakalar nan ranar da aka sa kwano ranar za a ɗaura shi, daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Kuma ka koma wajen na biyun ka roƙe shi ya nuna maka gida biyu ko uku da ya rufa waɗanda suka ga sanyi aƙalla uku, ka je da kanka bayan an yi zuba ka dubi bakin rufinsu da kwaruruwan, in ka samu masu gidan ka tambaye su. Ka duba takardar garanti ma, na fenti daban na tsatsa daban na aikin hannu daban, na ukun ne zai amfane ka in ruwa ya shiga.

Baban Biyu:

To Baba na ji, Allah ya ƙara lafiya ya ba gwiwa sauƙi. Na matsar da katifar ƙaramin zuwa ɗayan bangon tun jiya, kuma na samu wanda zai zo ranar Asabar ya fitar da bututun banɗakin ya duba raftocin. In ya sauko zan faɗa muku guda nawa ya samu sun ruɓe.